Binciken likitocin kunne, hanci da maƙogwaro: gwaji ake yi da marasa lafiya?

Idan likitan kunne, hanci da maƙogwaro ya gama duba ka, sai ya jawo wata takarda ya ce, "Baba, muna wani bincike, ko za ka yarda mu sa ka a ciki?", me yake nufi? Magani za a gwada a jikinka? In ka ce a'a, za a daina kula ka? Ɗan naman da aka yanko daga maƙogwaron mara lafiya aka jefa a kwalba, ina ake kai shi? Tambayoyin nan suna yawo a bencin jira na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a Zariya, suna yawo a majalisun Tudun Wada da Sabon Gari, kuma duk ranar da wani saƙon murya ya ɓulla a WhatsApp yana cewa ana gwaji da talakawa, sai su sake tashi.

Akwai kuma masu tambaya daga ɗaya ɓangaren. Tun da labari ya bazu a 2024 cewa an yi wa wasu yara kurame allura a kunne a ƙasar Sin har sun fara ji, akwai iyayen da ke neman inda za su kai sunan 'ya'yansu. Da masu gudu da masu rububi, ba a taɓa zaunar da su an warware musu yadda aikin yake ba.

Inda tsoron ya samo asali

A 1996 annobar sanƙarau ta kashe sama da mutum 11,000 a Najeriya, akasarinsu a Arewa. Ana tsakiyar haka kamfanin Pfizer ya gwada maganinsa mai suna Trovan a Asibitin Zana da ke Kano. Yara 200 aka ɗauka, kusan rabi aka ba su Trovan, sauran aka yi musu allurar seftiriyazon. Yara 11 suka rasu, biyar a ɓangaren Trovan, shida a ɗayan, wasu kuma suka tashi da kurumta ko makanta ko shanyewar jiki. Kamfanin ya tsaya a kan cewa cutar ce ta yi ɓarnar, kuma gaskiya ne sanƙarau shi kaɗai yana kurumtar da yaro. Amma iyaye sun ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba, kuma takardar izinin da aka nuna ta bayyana cewa daga baya aka rubuta ta, aka sa mata tsohon kwanan wata. A 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, don haka babu mai ganin laifin wanda gabansa ya faɗi da jin kalmar gwaji.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne abin da ya biyo baya. A 2007 Najeriya ta fitar da kundin ƙa'idojin binciken lafiya, dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 kuma ta ba kwamitin ƙasa mai kula da ɗa'ar bincike ƙarfin doka. Asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, kamar takwarorinsa, yana da nasa kwamitin, kuma ba a fara bincike a kan mutane sai ya karanta tsarin ya ba da lambar izini. Dole a cikin kwamitin a samu wanda ba ma'aikacin lafiya ba. In magani za a gwada, sai an haɗa da izinin NAFDAC. Takarda ita kaɗai ba ta hana ɓarna, amma yanzu akwai ƙofar da mai ƙorafi zai ƙwanƙwasa.

Abu uku ake kira bincike

Na farko tona tsofaffin fayiloli ne, ba a taɓa jikin kowa. Ana so a san, misali, mutum nawa aka kwantar saboda haɓo cikin shekara biyar, a wane wata suka fi yawa, nawa ne masu hawan jini a cikinsu. Na biyu awo ne da tambayoyi: a auna jin masu aikin injin niƙa a kwatanta da na maƙwabtansu, ko a lakato mugunyar kunne da tsinken auduga a kai ɗakin gwaji a ga wace ƙwayar cuta ce da kuma maganin da ke kashe ta. Na uku shi ne ainihin gwaji, inda ake raba marasa lafiya gida biyu a ba kowane gida magani ko tiyata daban.

Mafi yawan takardun da ake miƙa wa mutane a asibitocinmu na kashi na biyu ne. Dalilin kuwa, likitan da ke neman ƙwarewa ba ya zama babban likita sai ya rubuta kundin bincike ya kare shi a gaban Kwalejin Ƙwarewar Likitoci ta Ƙasa ko Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma. Saurayin likitan nan da ke bin ka da takarda, galibi jarrabawa ce a gabansa. Sabon magani daga waje da ba a taɓa ba kowa ba, ba kasafai yake zuwa wannan fanni a nan ba. In ma ya zo, hawa-hawa ake bi: mutum 20 zuwa 80 don a ga illa da adadin da jiki ke ɗauka, sai ɗari zuwa ɗari uku don a ga ko yana aiki, sannan ɗaruruwa ko dubbai don a kwatanta shi da wanda ake da shi.

Me ya sa ake raba marasa lafiya da ƙuri'a

Wannan ya fi komai ɗaure wa mutane kai. Likita ya yi shekara da shekaru yana karatu, sannan ya ce kwamfuta ce za ta zaɓa maka magani?

A ɗauki cire beli. Yaro ya kwana uku yana zazzaɓi, haɗiya ta gagare shi, a kai shi wurin wanzami ya datse belin, bayan kwana huɗu ya warware. Uwa shaida ce, wanzami shaida ne. Sai dai mafi yawan ciwon maƙogwaron yara ƙwayar bairas ke kawo shi, kuma cikin mako guda yake wucewa ko an yanka ko ba a yanka ba. Wanzami bai ƙirga yaran da suka warke ba tare da aska ta taɓa su ba. Likita ma ganinsa rabi ne, domin wanda ake kawo masa shi ne wanda jini ya ƙi tsayawa, ko wanda cutar sarƙewar haƙora ta kama, ko jaririn da ya daina kama nono. Kada dai a ɗauka ma'aunin ya zo daidai. Beli halitta ce da aka haifi kowa da ita, tana taimakawa wajen toshe hanyar hanci lokacin haɗiya, ba a nuna cewa cire ta yana kare jariri daga wata cuta ba, illar kuwa ana ganinta a gadon asibiti.

Don a san magani na aiki, sai an samu gida biyu da suka yi kama a komai, in ban da maganin. In likita ne zai zaɓa, ko bai yi niyya ba hannunsa zai kai sabon maganin ga mai ƙarfin jiki, mai kuɗin mota, wanda gidansa ke Samaru ba bayan Giwa ba. Ƙuri'a tana cire hannun likita daga rabon. Kwamfuta ke fitar da jerin, a rufe kowane zaɓi a ambulan mai kauri mai lamba, ba a buɗewa sai mara lafiya ya sa hannu. Inda ake ɓata abin shi ne a ce 'yan Litinin wannan magani, 'yan Laraba wancan, ko a yi amfani da ambulan da ake iya hango cikinta a hasken taga. Da zarar likita ya san abin da ke tafe, rabon ya lalace.

Gwajin da ake kafa tarihi da shi an buga shi a Ingila a 1948, a kan masu tarin fuka 107. Cikin wata shida, mutum 4 cikin 55 da aka yi wa allurar sitireftomaisin suka rasu, a ɗaya gidan kuwa 14 cikin 52. Gwajin ya kuma nuna fiye da rabin masu karɓar allurar suna fama da jiri, saboda maganin yana taɓa sashen kunnen ciki mai riƙe daidaiton jiki. Jentamaisin da neyomaisin danginsa ne, shi ya sa likita ba ya son a riƙa ɗiga maganin da ke ɗauke da su a kunnen da dodonsa ya huje na tsawon lokaci ba da saninsa ba.

Ga wanda ya shafe mu kai tsaye. A yankin Kisumu na Kenya an ɗauki 'yan makaranta 427 masu ruwan kunne, aka raba su da ƙuri'a: gida ɗaya ɗigon sifrofuloksasin, ɗayan ɗigon sinadarin borik, wanda ya fi araha kuma aka daɗe ana amfani da shi. Ba yaron da ya san nasa, mai duba kunnen ma bai sani ba. Sakamakon da aka buga a 2005 ya nuna bayan mako biyu kunnen kashi 59 cikin 100 ya bushe a gidan farko, kashi 32 a na biyu. Kafin kowane ɗigo sai an tsane kunnen, kuma wannan matakin ne iyaye suka fi tsallakewa a gida. Ana murza auduga mai tsabta ta yi siriri, a zura a hankali, a zaro, a canza, har ta fito a bushe. Yaro ya kwanta kunnen na kallon sama, a ɗiga, a daddanna 'yar tsokar gaban kunne don maganin ya shige, ya jira minti biyar. In ba a tsane ba, maganin a saman mugunya zai tsaya ya gangaro, a ce bai yi ba.

Yawan mutanen ma lissafi ne. Don a tabbatar da bambanci tsakanin kashi 60 da kashi 30, mutum 42 a kowane gida sun isa. In bambancin tsakanin 60 ne da 50, sai an nemi kusan 390 a kowane gida. Saboda haka wanda ya gwada haɗinsa a kan mutum goma sha biyu ya ce ya gano maganin kurumta, bai gano komai ba tukuna. Sharaɗi kuma shi ne ba a jefa ƙuri'a sai likitoci da gaske ba su san wanne ya fi ba, kuma gidan kwatance ana ba shi maganin da aka saba, ba a barin sa hannu rabbana.

Tiyata ta fi wuyar gwadawa

Ƙwaya ana iya yi mata tagwaye don kada a gane wadda mutum ke sha, tabon wuƙa kuwa ba ya ɓoyuwa. Ga shi hannu ya fi hannu: aikin da likita ya yi sau ɗari biyu ba ɗaya yake da wanda ya yi sau goma ba. Don haka a gwajin tiyata ake sa wani daban, wanda bai shiga ɗakin ba, ya auna sakamakon, kuma a zaɓi abin da ba ya karɓar gardama, kamar rai ko dawowar cuta.

Likitoci sun yi shekaru suna jayayya kan ƙaramar sankarar harshe wadda ba a ji kaluluwa a wuya ba: a cire ƙarin kawai a zuba ido, ko a buɗe wuya a kwashe kaluluwar tun a zaman farko? Kowane ɓangare da hujjarsa, domin buɗe wuya yana iya taɓa jijiyar kafaɗa. Asibitin Tata da ke Mumbai a Indiya ya raba gardamar. A 2015 ya fitar da sakamakon mutum 500: bayan shekara uku kashi 80 na waɗanda aka kwashe wa kaluluwa suna raye, a masu jira kuwa kashi 67.5. Wato duk mutum takwas da aka yi wa aikin, an tsirar da ɗaya. Kwamitin da ke sa ido ya tsayar da gwajin kafin a cika adadin da aka tsara, domin amsa ta fito, ci gaba da ƙuri'a ya zama zalunci.

Sankarar maƙogwaro: sakamakon Amurka da mara lafiyar Zariya

Tun 1873, lokacin da likitan tiyata Theodor Billroth ya fara cire akwatin murya baki ɗaya a birnin Biyana, wannan aiki ne gatan mai babbar sankarar maƙogwaro. Yana ceton rai, amma mutum zai rasa muryarsa ta halitta, ya koma numfashi ta wata kafa a gindin wuya har ƙarshen rayuwa. Ga malamin zaure ko ladani ko mai talla a kasuwa, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma da yawa in an ambata musu sai su ce za su je su yi shawara, shi ke nan.

A 1991 asibitocin tsofaffin sojojin Amurka suka buga gwaji kan mutum 332. An yi wa rabi tiyata da gashi, wato ƙona sankara da hasken na'ura, rabi aka fara da allurar sankara sannan gashi. Bayan shekara biyu kashi 68 suna raye a kowane gida, kuma kashi 64 na gida na biyu sun tsira da akwatin muryarsu. Wani gwajin na mutum 547 a 2003 ya nuna in an haɗa gashi da allurar sisfilatin lokaci guda, kashi 88 suna riƙe da maƙogwaronsu bayan shekara biyu, masu gashi kaɗai kashi 70.

To, ɗan mara lafiya ya karanta wannan a wayarsa, ya ce wa likita, "Ranka ya daɗe, ai yanzu an daina yanka." A nan gizo ke saƙar. Gwajin 2003 bai ɗauki wanda sankara ta huda guringuntsin maƙogwaronsa ba. A na 1991, fiye da rabin masu cuta a wannan matakin sai da aka koma aka cire musu akwatin muryar. Namu kuwa galibi a haka suke zuwa. Murya ta dushe, a ce mura ce, a ce sanyi ne, a sha zuma da citta, a yi rubutu, wata takwas su wuce, sai numfashi ya fara kuwwa a kawo shi cikin dare a huda masa wuya a sa bututu.

Ko wanda ya dace da gashin, sai a duba abin da ake bukata. Zama 35 ne, kwana biyar a mako, mako bakwai a jere, da sisfilatin sau uku, mako uku-uku, kuma sai ƙoda na da lafiya, domin maganin yana taɓa ƙoda yana taɓa ji. Kowace ranar da aka ƙara a kan wa'adin, damar kashe cutar tana raguwa da kusan kashi ɗaya cikin ɗari, saboda sankarar na sake tsiro a tsakani. In na'ura ta tsaya mako biyu, ko kuɗin masauki ya ƙare, ko ciwon baki ya hana mutum cin abinci har ya kasa tashi, abin da ya samu ba shi ne abin da aka gwada a Amurka ba, ko da sunansu ɗaya. Shika na cikin wuraren da ke da sashen gashin sankara a ƙasar nan, mutane na zuwa daga jihohi da yawa, don haka tambayar mutum nawa ke kammala zaman a kan lokaci da abin da ke tsayar da sauran, a nan ya kamata a amsa ta.

Dushewar muryar da ta wuce mako uku zuwa huɗu, musamman ga mai shan taba, tana bukatar a leƙa. Ana fesa maganin kashe zafi a hanci, a zura siririn bututu mai kyamara wanda kaurinsa bai wuce milimita huɗu ba, cikin 'yan mintuna an ga igiyoyin murya. Ƙaramar sankara a wannan matakin tana warkewa a mafi yawan mutane, murya kuma ta tsira.

Inda binciken gida ke tuntuɓe

Babban ciwon shi ne rashin dawowa. A ce an ɗinke dodon kunnen mutum 100, bayan wata shida 60 suka dawo, 54 ɗinkin ya kama. Mai rubutu zai so ya ce nasara kashi 90. Amma sauran 40 fa? Ko sun warke ne suka ga babu dalilin biyan kuɗin mota daga Soba ko Maƙarfi, ko kunnen ya sake ruwa suka yi fushi. Gaskiyar tana wani wuri tsakanin kashi 54 da kashi 94, kuma da irin wannan tazara ba a ba kowa shawara. A ƙa'ida, in waɗanda suka ɓace sun haura kashi 20, sakamakon ya zama abin tuhuma. Shi ya sa mai bincike ke neman lambar waya biyu ko uku, har da ta ɗan'uwa. Wanda ya ji sauƙi ya ƙi dawowa ya ɓata lissafin daidai da wanda ya ji jiki.

Awon ji ma da nasa tarkon. Ana auna sauti huɗu, daga mai kauri zuwa mai siriri, a fitar da matsakaicin ƙarfin da mutum ke fara jin su, a ma'aunin ƙarfin sauti da ake kira desibel. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙasa da desibel 20 lafiya ne, sama da 35 a kunnen da ya fi ji nakasa ce. In ɗakin ba ya tare ƙara, ga janareta na ruri a bayan taga, mai lafiya zai fito da raunin ji. Haka in an yi shekaru ba a saita na'urar ba, ko ba a cire dauɗar kunne kafin awo ba.

Ɗan naman kwalba kuwa ɗakin gwajin tsoka ake kai shi. Ana jiƙa shi a fomalin, ruwan da ke hana nama ruɓewa, mai ƙarfin kashi 10, wanda yawansa ya ninka naman sau goma, a daskarar da shi cikin kakin kyandir, a yanka shi sirara fiye da gashin kai, a rina, a duba a madubin ƙara girma. Ragowar ana ajiye ta shekaru, don in cutar ta dawo a kwatanta. Fitar da shi ƙasar waje sai da yarjejeniya a rubuce da sanin kwamitin ɗa'a. Haɗarin da ya fi faruwa shi ne a miƙa wa dangi kwalbar su kai da kansu, fomalin ya yi kaɗan ko a zuba ruwan gishiri a madadinsa, ta kwana biyu a gida ana neman kuɗi, naman ya ruɓe. Sai a sake yanka.

Yaran da suka fara ji

Labarin gaskiya ne. A farkon 2024 likitocin asibitin ido da kunne na Jami'ar Fudan da ke Shanghai suka ba da rahoton yara shida da aka haifa kurame saboda lahani a ƙwayar gado guda mai suna OTOF. An zuba musu lafiyayyen kwafinta a kunnen ciki, biyar suka fara ji. Amma wannan lahani bai kai kashi 10 na kurumtar haihuwa ba, kuma dabarar ta yi aiki ne domin ƙwayoyin jin yaran suna nan da rai. Yaron da sanƙarau ko ƙyanda ko hangum ko allurar jentamaisin ta kurumtar, nasa ƙwayoyin sun mutu, wannan allura ba ta tashe su. Duk wanda ya nemi kuɗi don ya sa ɗanka a layin irin wannan gwaji, ɗan damfara ne.

Abin da bincike ya riga ya tabbatar, kuma yake hannunmu, shi ne a auna jin duk yaron da ya tashi daga sanƙarau cikin mako huɗu. Bayan cutar kunnen ciki yana iya cikewa da ƙashi cikin 'yan watanni, kuma in ya cike, dasa na'urar ji yana yin wuya ƙwarai.

Kafin ka sa hannu

Haƙƙinka ne a yi maka bayani da Hausa, a ba ka lokaci, in kana so ka tafi da takardar gida wani ya karanta maka. Wanda ba ya karatu yana dangwala yatsa a gaban shaidan da ba ya cikin masu binciken. Yaro, iyaye ke sa masa hannu, amma in ya yi wayo shi ma sai an ji ta bakinsa. Matar aure tana iya cewa, "Likita, bari in shawarci maigida," kuma ya kamata a jira ta, sai dai sa hannunsa ba ya maye gurbin nata.

Ka tambayi wane irin bincike ne cikin ukun nan, da abin da za a yi maka wanda da ba za a yi ba in ba ka shiga ba: ƙarin jini, ƙarin hoto, ƙarin zuwa. Abin da aka ƙara don bincike kawai, bai kamata ya fito daga aljihunka ba. Ka tambayi wanda zai ɗauki nauyi in illa ta faru. Ka duba lambar izinin kwamiti da lambar wayar da za ka kira in kana da ƙorafi, su kan kasance a jikin takardar. Kuɗin mota da ɗan abin abinci daidai ne, amma in aka yi maka tayin kuɗin da zai rufe maka ido, wannan kansa alamar tambaya ce. In ka ƙi, maganinka yana nan yadda yake. In ka shiga, kana iya fita ko yaushe ba sai ka ba da dalili ba, sai dai in magani kake karɓa ka sanar kafin ka daina, domin wasu ba a yanke su farat ɗaya.

Wa ke biya, wa ke zaɓar tambaya

Masu suka suna cewa talaka ke ba da jikinsa, mai kuɗi ya sha maganin. Akwai ƙamshin gaskiya. Mai biya shi ke zaɓar tambaya, kuma kamfani ba zai kashe kuɗinsa don ya nuna cewa kaɗan daga maganinsa ya wadatar ba. Likitocinmu kuwa da yawa daga albashinsu suke biyan kuɗin bincike, shi ya sa ayyukan ke fitowa ƙanana, asibiti ɗaya, shekara ɗaya. Zariya da Kano da Sakkwato da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, in suka yi amfani da takardar tattara bayani iri ɗaya, mutum 390 a kowane gida ba zai gagara ba. Tambayoyin ma ba a nesa suke ba: wace ƙwayar cuta ke cikin ruwan kunnen yaranmu yanzu kuma wane ɗigo ta daina ji, awa nawa gyaɗa ke yi a hanyar numfashin yaro kafin ya iso inda za a ciro ta, masu injin niƙa nawa ne suka rasa ji kafin shekara arba'in.

Asibitin Tata ya nuna irin tambayar da mai ƙaramin ƙarfi ke yi wa kansa. Maganin nibolumab yana tsawaita ran masu sankarar kai da wuya da ta yi nisa, amma a yadda aka saba bayarwa, miligiram 240 duk mako biyu, 'yan ƙalilan ne ke iya saye a Indiya. Sai suka gwada miligiram 20 kacal duk mako uku, haɗe da wasu ƙwayoyi uku masu araha, a gwajin mutum 151. Bayan shekara guda kashi 43 na waɗanda aka ƙara wa ɗan maganin suna raye, a masu shan ƙwayoyin kaɗai kashi 16. Ba su kwatanta shi da cikakken adadin ba, don haka ba a ce sun yi daidai ba, kuma kafin a ɗauko tsarin zuwa nan sai an duba ko marasa lafiyarmu, da irin jininsu da nauyinsu da lokacin da suke isowa, za su jure shi.